Autar Aro

Ranar da na fara jin Inna ta kira yarinyar nan da "Auta", ina tsaye a bakin ƙofar ɗakinta da kular tuwo a hannu. Tun da safe na tuƙa shi, na kaɗa miyar kukar da na sha yawo kafin in samu mai kyau, na hau tasi daga unguwarmu ta Balad, a nan Jidda, har gidan kula da tsofaffin da muka kai ta. Ina tura ƙofa sai na ga mahaifiyata ta riƙe hannun wata ma'aikaciya da hannayenta biyu, tana shafawa, tana cewa, "Auta, kin ci abinci kuwa?" Shekaruna hamsin da bakwai a lokacin, har da jikoki, amma wallahi kishi ne ya tokare min ƙirji. Ba zan yi wa abin kwaskwarima ba, kishi ne tsagwaronsa, irin na yarinyar da aka ba ƙanwarta alewa aka tsallake ta.

Ni ce 'yar fari a gidanmu. Inna ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Jidda tana amarya, ita da Baba, da niyyar su sauke farali su koma gida. Ba su koma ba. Baba ya samu aikin dako a tashar, suka kama ɗakuna biyu a hawa na uku na wani tsohon gida a Balad, a can aka haife ni. Abubuwa da yawa Inna ta baro a gida, amma kunyar ɗan fari kam ta ƙullo ta a zani ta tsallako teku da ita. Ba ta taɓa faɗin sunana ba. In tana nemana, sai ta ce "ke". In tana maganata da wani, sai ta ce "waccan". Ba ta ci ina kallonta, kuma in na shigo ɗaki sai ta samu abin yi a wani gefe. Gwaggo, yayar Baba, wadda ke zaune a hawa na biyu, ita ta raine ni. Jefi-jefi takan miƙo min cinyar kaza ko ɗan kunne ko dabino a ƙulle cikin tsumma, ta ce, "Ungo. An ce kar in faɗa." Gwaggo ba ta iya riƙe sirri ba, Allah Ya jiƙanta.

Mu biyar ne, maza uku a tsakiya, sai autarmu mace. Ita wannan a cinyar Inna ta girma har ƙafafunta suka fara jan ƙasa. Inna ce ke yi mata kitso, tana yi tana mata waƙa, ni kuma ina zaune a matattakala ina leƙensu ta ƙofa, ina jiran Gwaggo ta gama wanke-wanke ta zo ta finciki nawa kan.

Da shekaru suka ja, abin ya yi sauƙi. Baba ya rasu, Gwaggo ta bi shi, autarmu ta yi aure aka tafi da ita Riyad, mazan kowa ya kama gabansa. Ni da mijina ya rasu na dawo gidan da ɗinkina, muka zauna ni da Inna. Da na yi aikin Hajji ta samu mafita, ta koma ce min Hajiya. Muka riƙa ci a kwano ɗaya, muna hira, muna faɗa a kan gishirin miya. Sama da shekara ashirin muna haka, har na manta an taɓa yin wata kunya a tsakaninmu.

Sai gigin tsufa ya shigo. Da farko tukunya take mantawa a wuta, daga baya Larabcin da ta yi shekara da shekaru tana ciniki da shi a kasuwa ya fara zubewa, sai Hausa kawai. Shekara uku ni kaɗai nake fama da ita, kuma a ganina babu wanda zai fi ni iyawa. In ta ce a ɗora sanwa don Baba ya kusa dawowa daga tasha, sai in ce, "Inna, Baba fa ya rasu tun yaushe." Sai ta fashe da kuka kamar yanzu aka aiko mata. Gobe ta sake tambaya, in sake faɗa mata, don a ganina ƙarya ga uwa zunubi ne. Ran nan ta fice da rana tsaka ba takalmi, sai a unguwar Bagdadiyya wani mai shago ya tsare ta, wai za ta kai wa mijinta abinci. Bayan wata biyu ta faɗo a matattakala ta karya ƙugu. Likita ya ce hawa na uku ya ƙare mata, kuma tana bukatar masu juya ta da ɗaga ta dare da rana. Ƙanina na tsakiya ya nemo gidan kula da tsofaffin, na yi rigimata na gaji, na sa hannu.

Ran da muka kai ta, shugabar ma'aikatan, wata Balarabiya mai sanyin murya, ta zagaya da mu. Ta nuna mana takardun shaida jere a bango cikin gilashi, ta ce doka ce a gidan, babu mai kusantar masu ciwon mantuwa sai ya yi horo na musamman, har mai dafa abinci da mai shara da mai gadi, kuma duk shekara sai an sabunta. Tadrib suke ce masa. Na taɓe baki. A raina na ce takarda ce za ta koya wa wani yadda ake riƙe uwata? Ta miƙo min wasu shafuka huɗu, wai in cike tarihin Inna: abin da take so, abin da take tsoro, sana'ar mijinta, sunayen da take kiran mutanen gidanta da su. Na rubuta sunanta da magungunanta, na bar sauran fili. Ta ce akwai zama na 'yan uwa duk ranar Asabar, ana koya musu kaɗan daga cikin horon. Na ce ina da ɗinki.

Yarinyar da aka haɗa Inna da ita ba za ta wuce ashirin da huɗu ba. Haihuwar Jidda ce, kakanninta Hausawa, shi ya sa aka zaɓe ta. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta yi sai ta riƙa tsintar kalmomi, rabi Larabci, mace ta koma namiji. Da na ji ta ce wa Inna "ka sha ruwa", daɗi ya kama ni, na ce wannan ba za ta yi sati ba.

Ta yi sati, ta yi wata. Na zuba ido in kama ta da laifi, sai na ƙare da haddace yadda take aikinta. Ba ta taɓa zuwa wa Inna ta baya. Sai ta zagayo ta gaba, ta durƙusa har idonsu ya daidaita, sannan ta yi magana, jimla ɗaya, ta jira. Ba ta cewa "kin tuna?" Ran da Inna ta tashi hankalinta a gabana cewa Baba zai dawo bai tarar da abinci ba, na buɗe baki zan faɗi abin da na saba, sai yarinyar ta riga ni.

"Ya ummi, shi me yake so? Shinkafa walla tuwo?"

Inna ta kalle ta da mamaki. "Shinkafa? Ai shi in ba tuwo ba bai ci abinci ba. Kuma sai an yi masa malmala uku."

"Uku! Masha Allah. Ba ni labarinsa."

Inna ta zauna ta ba ta labarin Baba har tana dariya, labaran da ni ban taɓa ji ba, har da yadda ya yi amai a jirgin ruwa tun daga tashar Bar Sudan. A waje na tare yarinyar na ce mata ta iya ƙarya. Ta ce, "La, ya khala," wato a'a, anti, "ban ce yana da rai ba. A tadrib an ce kar mu ja ta zuwa yau da ƙarfi, mu ne za mu je inda take." Na ce mata ni shekara uku na yi ba tadrib. Ta ce, "Allah Ya ba ki lada," kuma da gaske take, abin da ya ƙara ƙona min rai ke nan.

Da a nan abin ya tsaya da na haɗiye. Amma Inna ta daina kallona. Ina shiga ɗakin sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya ga bango. In tana cin abinci sai ta ajiye cokali. In tana hira sai ta yi tsit. Ni kuma in zagaya in tsaya a gabanta, in ce, "Inna, ni ce fa, Hajiya ce," in faɗi sunana na yanka da ƙarfi har sau uku. Sai ta yi tsaki ta ƙara juyawa. Tuwon da na kawo ba ta ci daga hannuna, sai na fita baranda yarinyar ta ba ta, in jiyo tana santi. Na yanke a raina cewa ta manta da ni. Ta tuna malmalar Baba, ta tuna autarta har ta aro wata ta saka a gurbinta, ni da na kwashe kashinta shekara uku ni ce aka goge.

Kishi ya sa ni abubuwan da nake jin kunyar rubutawa. Na kushe ɗaurin kallabin da take yi wa Inna, na kwance na sake, Inna ta fizge ta yar. Na ce man da take shafa mata wari yake. Na buga wa autarmu waya a Riyad don kawai in ce mata an yi mata sabuwa, ina so ita ma ta ji abin da nake ji. Ta yi dariya, sannan ta yi kuka, sannan ta ce in gaishe mata da yarinyar, in saya mata turare. Na kashe wayar. A ƙarshe na je ofishin shugabar na ce a canza wa mahaifiyata ma'aikaciya, don wannan tana raba ta da 'ya'yanta.

Shugabar ta saurare ni har na gama, ta ce dama tana so mu zauna. Ta sa aka kira yarinyar, ta shigo da wani littafi mai baƙin bango. Ashe cikin horon nasu har da rubuta abin da ke tayar wa mara lafiya hankali: yaushe ya faru, wa ke wurin, me ya biyo baya. Shugabar ta ce sun duba rubutun wata uku, kuma abin da ya fito ba zai yi min daɗi ba. Duk ranar da na zo, Inna takan bar abincinta ta daina magana. Don haka suna ganin a rage zuwana ya koma sau ɗaya a mako, minti goma sha biyar, har a ga yadda za ta yi.

Na zo in kori yarinya, ga shi ni ake kora. Na ce, cikin muryar da ban san ina da ita ba, a karanta min in ji da kunnena.

Yarinyar ta buɗe littafin. Da Larabci ta rubuta, da Larabci ta karanta. Baƙuwa ta shigo, mara lafiya ta juya fuska. Baƙuwa ta faɗi sunanta, mara lafiya ta yi tsaki. An tambaye ta wace ce wannan, ta ce ba ta faɗa. Ta ci gaba, shafi bayan shafi, duk abu ɗaya. Sai ta zo wani wuri ta ce, bayan baƙuwa ta tafi, takan ɓoye abinci. Takan ɗauki dabino ɗaya daga na la'asar ta ƙulle a haɓar mayafi, sannan ta ba ma'aikaciya ta kai wa wata da ba a gani.

Shugabar ta yi min bayani cewa ɓoye abinci da ganin mutanen da ba sa nan duk cikin ciwon ne, kar in damu. Ni ban ma ji ta sosai ba. Na juya ga yarinyar na tambaye ta da Hausa, "Wa take cewa a kai wa?"

"Ba suna, ya khala. Na tambaya, na tambaya, ba suna."

"Faɗa min yadda take faɗa. Da bakinta."

Ta rufe ido tana tunowa, sannan ta faɗa, har da karin muryar Inna, Hausa mafi kyau da na taɓa ji a bakinta: "Ki ba waccan. Kar ki ce ni na ba ki."

Ban san lokacin da na dafe teburin ba. Rabona da jin wannan kalma a kaina an fi shekara ashirin. Ashe ciwon da ya mai da Inna zamanin da Baba ke dako a tasha, ya mai da ita da kunyarta gaba ɗaya. A inda take zaune yanzu babu wata Hajiya, ba a yi ta ba tukuna. Akwai 'yar fari, wadda ba a kallo, ba a ci a gabanta, ba a faɗin sunanta. Ni kuma kullum sai in je in tsaya mata a gaba ina kwaɗa sunan nan da ƙarfi a gaban baƙi. Inna ba ta manta da ni ba, rashin kunyata ce take yi wa tsaki.

Na ce, "Ina dabinon?"

Yarinyar ta fita ta dawo da wata robar abinci mai murfi. A cike take, kowane dabino a naɗe cikin 'yar takarda, wasu sun bushe sun ƙanƙance. Ta ce ƙa'ida a zubar, amma ta riga ta ce wa Inna "tayyib, zan kai", kuma ba ta so maganar ta zama ƙarya, shi ya sa take ajiyewa ko Allah zai sa ta gano mai su. Ta ce ta ɗauka wata ce da ta rasu. Sannan ta ƙara, a hankali, ba da gori ba, "Akwai wurin a takarda, ya khala. Sunayen da take kiran mutane. Ba a cike ba."

Da za ta zage ni da ya fi min sauƙi. Na zauna na yi musu bayanin kunyar ɗan fari, da Larabcina na kasuwa, ina yi ina share hanci da bakin abaya. Shugabar ta yi ta maimaita "subhanallah", ta ce a wurinsu ɗan fari shi ake kiran uwa da sunansa, yaya za a yi uwa ta ƙi faɗinsa? Ta rubuta duk abin da na ce. Yarinyar ta ce yanzu ta gane dalilin da kakarta ba ta taɓa kiran babban kawunta ba, ita ta ɗauka faɗa suka yi. Na karɓi shafukan nan huɗu na tafi da su gida, na cike su har bayansu. Ranar Asabar na je zaman 'yan uwa, na zauna a kujerar ƙarshe da fuskata a ɗaure. Ba su ba ni takardar shaida ba, kuma na lura.

Ba a rage zuwana ba, sai dai aka canza yadda nake zuwa, kuma yarinyar ce ta tsara. Yanzu in na iso, sallama nake yi a hankali, ba na faɗin ko wace ce. Akwai kujera a bayan ƙofa, gefen da Inna ba ta fuskanta, nan nake zama da ɗan ɗinkin hannu, kaina a ƙasa. Inna takan ja mayafinta kaɗan, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba da cin tuwonta kamar ba kowa.

Kar wani ya ɗauka kishin ya tafi. Yana nan daram. Ina zaune ina kallo ta wutsiyar ido Inna na shafa kan 'yar mutane, tana gyara mata hula, tana tambayarta ko wani ya taɓa ta. Ni da na fito daga cikinta ko yatsana ba za ta riƙe ba, kuma na san yanzu har ta koma ga Allah ba za ta riƙe ba. Shekarun nan ashirin na kwano ɗaya sun tafi, ni kaɗai ke tuna su. Na koma matattakala ina leƙe, sai dai yanzu da furfura.

Ranar Talatar da ta wuce aka kawo dabinon la'asar ina nan. Ban tashi ba. Na ga Inna ta zaɓi mafi girma, ta ƙulle a haɓar mayafi, ta daɗe tana fama da ƙullin da yatsunta masu rawa, sannan ta sake kwancewa. Ta jawo kunnen yarinyar za ta yi mata raɗa. Da yake kunnenta ya yi nauyi, raɗar tata har baranda ana ji.

"Auta, ki ba waccan. Duk ta rame, ba ta ci. Kar ki ce ni na ba ki."

Yarinyar ta ce, "Tayyib, ya ummi." Ta zare hannunta daga na Inna, ta taka taku huɗun da ke tsakaninmu, ta durƙusa a gabana yadda aka koya mata, ta sa min dabinon a tafi. Ta ce da Hausarta mai tuntuɓe, "Ungo. An ce kar na faɗa."

Hannunta da ɗumi, ɗumin riƙon da Inna ta yi masa tun azahar. Na damƙe shi tare da dabinon, na ƙi saki. Ita ma ba ta janye ba, ta tsaya a durƙushe har sai da ɗumin ya huce.